Yadda Ake Tura Waƙa Ta Isa da Sunanta, Ta Kuma Yi a Na'urar Mai Karɓa

Kafin ka tura wa mutum waƙa, fara sanin da me yake sauraro. Yawancin waƙoƙin da ake cewa "ta ƙi buɗewa" ko "ni ban gan ta ba" lafiyarsu ƙalau, hanyar da aka biyo da su ce ba ta dace da na'urar mai karɓa ba. Ɗauki gida ɗaya a Tudun Wada ko Unguwar Dosa cikin garin Kaduna. Maigida yana da rediyonsa mai cin mamori, wanda yake ajiyewa gefen tabarma bayan isha'i. Uwargida ƙaramar waya ce a hannunta, mai madannai. Babban ɗa yana jan Keke Napep tsakanin Kawo da Kasuwa, filashi ne maƙale a rediyon keken. Ƙanwarsa da ke karatu a jami'ar KASU iPhone take riƙewa, ita linki kawai take so. Waƙa ɗaya ce, amma hanya huɗu za ta bi, kuma wadda ta yi wa ɗaya ba lallai ta yi wa sauran ba.

Dabarar da ta fi kowace sauƙaƙa aiki ita ce ka mallaki kwafi ɗaya mai kyau wanda ba a taɓa shi, mu kira shi uwa. Duk abin da za ka ba wani, daga jikin uwar za ka ciro shi, gwargwadon na'urarsa.

Nauyin waƙa da wutsiyar sunanta

Kowane fayil na MP3 yana da wata lamba da ake rubutawa da kbps, ita ce ke nuna yawan bayanan da aka zuba wa kowace daƙiƙa ta sauti. Lissafin ba wuya. A kbps 128, minti ɗaya yana cin kusan MB 1, wato waƙar minti 5 tana kama MB 4.8. A kbps 320 minti ɗaya MB 2.4 ne, waƙar minti 5 ta zama MB 12. A kbps 64 rabin na 128 ne. Don haka ko wayarka ba ta nuna lambar ba, duba nauyin waƙar ka raba da tsawonta. Waƙar minti 6 da ba ta kai MB 3 ba an matse ta da yawa, za ka ji kiɗan kamar daga cikin tulu yake fitowa, musamman wajen tafi da kuge da harafin "s" a bakin mawaƙi.

Ga 'yar MP ta tsakar gida, ko rediyon keke da ke kokawa da ƙarar inji, 128 ya wadatar, abin da ya haura haka asarar wuri ce. Mai iyafis na kirki ko mai kiɗan biki da manyan sifiku shi ake nema wa 192 zuwa 320. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne mutum ya ɗauki waƙar 64 ya sa wata manhaja ta juya masa ita zuwa 320, yana zaton ya gyara ta. Buhun ne ya ƙara girma, hatsin yana nan yadda yake. Abin da aka zubar ranar da aka matse ta ba ya dawowa, kuma duk juyin da aka ƙara yi mata sai ya rage wani abu.

Sai wutsiyar suna, wato haruffan da ke bayan ɗigo. Wadda ta ƙare da .mp3 kusan kowace na'ura tana cin ta. Masu ƙarewa da .m4a ko .aac ko .opus babbar waya tana kunna su ba gardama, amma rediyoyi masu araha da ƙananan wayoyi da yawa tsallake su suke yi kamar babu su. Goge wutsiyar da hannu a rubuta .mp3 ba ya mayar da ita MP3, sauya wa mota lamba ne kawai. Juyawa ta gaskiya a kwamfuta ake yi: buɗe VLC, shiga Media, zaɓi Convert, ɗora fayil ɗin, ka zaɓi MP3 a jerin da zai fito. In kuwa aka turo maka "waƙa" ka ga wutsiyarta .apk ko .exe, kar ka taɓa. Manhaja ce aka lulluɓe, kuma mai niyyar alheri ba ya lulluɓe manhaja da sunan waƙa.

Suna

Waƙa tana da suna biyu. Akwai sunan fayil da kake gani a folda, akwai kuma rubutun da ke ɓoye a cikinta: sunan waƙa, sunan mawaƙi, kundi da shekara. Manhajar sauraro na cikin take karantawa, shi ya sa za ka gyara sunan fayil tsaf, amma da ka kunna sai ka ga adireshin shafin da aka sauko da ita, ko lambar wayar wani mai shago. A kwamfuta Mp3tag ce ke gyara wannan, tana kuma iya gyara waƙoƙi ɗari a tashi ɗaya. A wayar Android, Musicolet tana da wurin gyarawa a cikinta.

Tsarin da ba ya ba da wahala shi ne lamba, mawaƙi, sannan waƙa: 007 - Mawaƙi - Sunan waƙa. Lambar ta zama mai gida uku, 001, 002, har 010, don in ka rubuta 1, 2, 10 wasu na'urori za su sa 10 gaban 2. A sunan fayil ka haƙura da ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta k da d da b, domin ƙaramin allon rediyon mota bai san su ba, alamar tambaya ko ɗan akwati zai nuna a gurbinsu. A rubutun ciki ne za ka rubuta Hausarka da ƙugiyoyinta.

Waƙoƙin gargajiya suna buƙatar ƙarin bayani. Makaɗa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sukan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, baitoci su ƙaru ko su ragu gwargwadon wanda ke zaune a wurin. Sai ka tarar da fayil uku masu suna ɗaya, ɗaya minti 9, ɗaya 14, ɗaya 22. Kar ka goge biyu da sunan maimaici ne. Ƙara wa kowanne abin da zai bambanta shi: na rediyo, na wurin biki, doguwa. Masu tara irin waɗannan da yawa da kayan kiɗa suke raba folda, kalangu daban, kotso daban, kuntigi, gurmi, goge, kukuma, kuma in tarin ya yi yawa wannan ya fi jerawa da sunan mutum saurin nema.

Idan kuna wuri ɗaya

Waƙa ɗaya ko biyu zuwa ƙaramar waya, Bluetooth ne. Yana da nawa, waƙar MB 5 takan ci rabin minti zuwa minti guda, amma shi ne abin da ƙaramar waya ta sani. Duba tukuna ko akwai mamori a cikinta, don ma'ajiyar kanta ba ta ɗaukar abin kirki, turin zai kai rabi ya tsaya. iPhone ba ta karɓar fayil daga Android ta Bluetooth, kar ka ɓata lokacinka.

Waƙoƙi masu yawa tsakanin manyan wayoyi, Xender ko Quick Share. Quick Share yana cikin wayar Android tun daga kamfani, shi ne wanda a da ake kira Nearby Share kafin a sauya masa suna a 2024. Dukansu Wi-Fi suke shimfiɗawa tsakanin wayoyin biyu, ba sa cin data. A Xender mai turawa ya taɓa Send, wata alama mai kusurwa huɗu ta fito, mai karɓa ya taɓa Receive ya haska ta da kyamara. In sun ƙi haɗuwa, abu uku ake dubawa: a kashe VPN, a kunna Location, a kashe tsimin batir. Bayan an gama, waƙoƙin suna cikin foldar Xender. Kwashe su nan take zuwa foldar waƙoƙinka, don ranar da wuri ya cike aka shiga share-share, da su ake haɗawa.

WhatsApp

Nan ne suna ya fi ɓata. In ka tura waƙa ta hanyar Audio, a wayar mai karɓa za ta sauka da wani suna mai farawa da AUD, sai kwanan wata, sai WA da lambobi. Bayan wata uku yana da irinsu ɗari biyu, ba wanda ya san wace ce wace. Kuma in ta yi nauyi da yawa yakan ƙi ɗauka, doguwar waƙar gargajiya na iya faɗawa ciki ke nan. Maganin duka biyun ɗaya ne: taɓa alamar maƙala kaya, zaɓi Document, ka nemo waƙar daga folda. Ta nan sunan yana isa yadda ka rubuta shi, kuma tun 2022 ana iya tura abin da ya kai GB 2.

Abin da ya fi kowanne lalata waƙa shi ne a kunna ta a wata waya ko a rediyo, a kara baki a naɗa a matsayin saƙon murya. Ƙarar fanka da kukan yaro duk sun shiga, an kuma matse ta da tsarin da aka yi domin magana, ga shi .opus ce, ba za ta yi a rediyon Baba ba. Amfaninta ɗaya: in kana cigiyar waƙa, ka naɗi daƙiƙa 20 ka tambaya ko akwai mai ita. A wannan fannin zauren 'yan uwa ya fi Shazam, manhajar gane waƙa, don Shazam abin da aka yi wa rajista a rumbunsa kawai yake ganewa, tsofaffin waƙoƙin Hausa kuwa da yawa ba su shiga ba.

A sababbin wayoyin Android, abin da aka turo maka yana can cikin Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Media. Wanda kake so, ɗauke shi daga can. Manhajojin share datti sukan lissafa wannan foldar cikin tarkace.

Linki, da abin da yake ci na data

Wanda ke sauraro a Audiomack, Boomplay, YouTube ko Spotify, linki ne daidai da shi. Boomplay yakan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, Spotify kuwa a Fabrairun 2021 ya fara aiki a Najeriya. Tambayi wacce yake da ita kafin ka tura, don linkin manhajar da ba ya amfani da ita zai kai shi ga shafin da ke neman ya yi rajista, daga nan ya fasa. Waƙar da ka sauke a cikin irin waɗannan manhajoji a kulle take, a cikinsu kaɗai take yi, ba ta fita ta Xender ko ta hau mamori. A Spotify ma sai mai biyan kuɗi ke saukewa, kuma dole wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba abin da aka sauke ya daina yi.

A YouTube kana iya kai mutum daidai baitin da kake nufi. Lissafa wurin da daƙiƙa, minti 2 da rabi shi ne 150, ka ƙara ?t=150 a ƙarshen gajeren linkin. In linkin ya riga yana da alamar tambaya a cikinsa, sai ka rubuta &t=150.

Data kuwa ga yadda take tafiya a Spotify: matakin kbps 96 yana cin kusan MB 43 a awa, na 160 MB 72, na 320 MB 144. Mai sauraron awa biyu kullum a mataki na sama ya haura GB 8 a wata, a na 96 bai kai GB 3 ba. Bidiyo ya ninka wannan sau da yawa, don haka wanda ke kunna YouTube ya jefa wayar a aljihu yana biyan kuɗin hoton da ba ya kallo. Mai hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya sauke abin da zai ji tun a gida, sabis yana ɗaukewa a hanya.

Sabuwar waƙar mawaƙin da ke raye yana neman abinci da ita, linki ya fi dacewa a tura, ko da kana da fayil ɗin. Ta can ne ake ƙirga masa sauraro, a Spotify sai an ji daƙiƙa 30 ake lissafa ɗaya. Fayil ɗin da ya zaga zaure hamsin ko sisi bai kai masa ba, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan.

Maganar da ke raka waƙa

Mutanen Kaduna ba baƙin wannan harka ba ne. Gidan rediyon da aka buɗe a garin a 1962 ya shahara da shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika kati ya zaɓi waƙa, ya jero waɗanda yake gaisarwa. Waƙar ba ta tafiya ita kaɗai, da suna da dalili take tafiya. Yanzu sai ka ga an watso fayil bakwai a zaure ba ko sallama, ba kuma wanda zai buɗe. Layi biyu sun isa: "Kawu, barka da yamma. Ga wadda kuka yi cigiya ranar suna, doguwar ce, minti 18, MB 17. Amshin da kuke so yana wajen minti 6." Ya san mece ce, ya san abin da za ta ci masa, ya san inda zai kasa kunne.

Ɗaya a rana ta fi goma a tashi ɗaya. A kuma san zauren da ake ciki. Akwai wanda ba ya jin abin da ke da kiɗa sam, sai ƙasida ko yabo da murya zalla. Akwai wanda nanaye ce rayuwarsa, akwai mai hip-hop, akwai abokin aiki daga Barnawa ko Sabon Tasha da waƙoƙin coci na Hausa suka cika wayarsa. Waƙar siyasa a zauren dangi kuwa, wanda ya jefa ta ya san abin da ya jefa. In 'yan zaure suna son sanin abin da kowa ke ji a makon, a tsayar da rana ɗaya, kowa ya kawo guda tare da dalilinsa, mutum ɗaya ya riƙa tattarawa a jeri ɗaya. Spotify da YouTube suna ba da damar buɗe jerin da kowa zai iya ƙara tasa.

Haɗa wa mutum mamori

Wannan ne aikin da ya fi buƙatar natsuwa, kuma shi ne kyautar da dattawa da direbobi suka fi jin daɗinta. Fara da girman kati. Katin GB 8 yana ɗaukar waƙoƙin minti 5 kusan 1,500 a kbps 128, ko kusan 600 a 320. Ba a cika samun mai buƙatar fiye da haka a rediyo ba. Kar ka wuce GB 32. Katunan GB 32 zuwa ƙasa da tsarin FAT32 suke zuwa, na GB 64 zuwa sama da exFAT, kuma rediyoyin mota da 'yan MP da yawa FAT32 kaɗai suka iya karantawa. Shi ya sa za ka ga direba ya sayi babban filashi, ya cika shi, ya soka, allon ya yi ta ƙyaftawa daga ƙarshe ya rubuta NO FILE. Ya zare, ya hura masa iska, ya goga a riga, ya mayar, shiru. Filashin bai mutu ba, yaren da aka rubuta shi da shi ne rediyon bai iya ba.

Sai jabun kati, wanda ya cika kasuwa. A jikinsa an rubuta GB 32, waya ma ta nuna 32, amma ainihin cikinsa 4 ne ko 8. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, sunaye duk su fito a jere, sai dai abin da ya haura ainihin cikinsa ya lalace. Alamarsa: waƙoƙin farko suna yi, na baya su ƙi, ko folda ta koma wasu haruffa marasa ma'ana. Araha ba ta ado. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne H2testw a kwamfuta, yana cika katin da bayanai ya sake karantawa, ya faɗi ainihin abin da ya ɗauka. In babu kwamfuta, cika katin da manyan bidiyo har ya kusa ƙarewa, cire shi ka mayar, sannan ka buɗe waɗanda ka zuba daga ƙarshe. Yi wannan kafin ka ɗora masa abin da kake ji da shi.

Wajen zubawa akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Ƙananan rediyoyi da yawa ba sa bin lamba ko harafi, bin tsarin da waƙoƙin suka shiga katin suke yi, wadda ta fara shiga ita ce ta farko. In kana son jerin ya tafi yadda ka tsara, yi wa katin fomat, sannan ka zuba folda ɗaya bayan ɗaya, kana jiran kowace ta gama. Kar ka cusa folda cikin folda cikin folda, hawa ɗaya ya isa. Ka kuma tuna mai rediyon da maɓalli ɗaya yake tsallakawa, in waƙar da yake so ita ce ta 340 sai ya danna sau 339. Waɗanda ya fi so su zo a goman farko.

Ƙarfin sauti ma sai an daidaita. Tsohuwar waƙa takan fito ƙasa-ƙasa, a ƙure mata murya, sai sabuwa ta biyo baya ta tashi unguwa. MP3Gain yana daidaita su duka ba tare da sake matse su ba, bar shi a 89 ɗin da yake zuwa da ita. Ga mai iyafis wannan ba ƙaramin abu ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa babba awa 40 a mako a ƙarfin desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu.

In wajen masu tura waƙa na kasuwa za ka, je da katin da babu komai a kai, ba wanda hotunan iyali ke ciki ba. Kwamfutar da ke karɓar kati ɗari a yini ba ta rasa cuta, kuma wadda aka fi kwasowa ita ce mai ɓoye foldoji ta bar gumakansu na bogi. Kayan suna nan, ɓoye su aka yi, kar ka yi gaggawar fomat, a sa kwamfuta mai riga-kafi ta share cutar ta fito da ɓoyayyun fayiloli. In kai ne za ka ba wani ya kwafa daga naka, sa katin a cikin babbar rigarsa, wato adafta, ka ja ɗan makullin da ke gefe zuwa Lock, ba abin da zai iya shiga. Kafin ka bar shagon, sa a kunna maka ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe.

Ceto abin da ke kan kaset

A gidaje da yawa akwai kwali ko tsohuwar jaka cike da kaset, wasu an naɗo su daga rediyo, wasu a wurin biki, kuma akwai abin da ke cikinsu wanda ba ya ko'ina a intanet. Kayan aikin: rakoda mai lafiya da ke da ramin iyafis, kebul mai kai biyu na milimita 3.5, kwamfuta, da manhajar naɗar sauti ta Audacity, wadda kyauta ce. Kwamfutar cinya mai rami ɗaya tana buƙatar ɗan katin sauti na USB mai ramin Line In. Ramin makirufo ya cika jin sauti, waƙar za ta fito a fashe.

Fara da rakodar. Jiƙa auduga da sifirit ka goge kan ƙarfen da zaren ke gogawa, da 'yar tayar roba da ke jan sa, har audugar ta daina fitowa da ja. Bari ya bushe. Ƙurar hunturu da ta kwanta a nan ita ce ke dusashe murya, tayar da ta yi santsi kuwa ita ke sa rakoda cin zare. Gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna. Kaset ɗin da ya shekara ashirin a ajiye, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna, don zaren ya saki jiki. In ya yi sako-sako, ɗaure shi da biro. Leƙa ƙasan zaren ta tsakiya, akwai wani ɗan soso da ke danna shi jikin kan rakoda. In ya faɗi sauti zai dushe, sai a manna wani daga mataccen kaset.

A Audacity zaɓi 44100, ka sa ƙarar rakoda a tsakiya, ka kunna wurin da kiɗa ya fi ƙarfi kana kallon ma'aunin. Ya riƙa kaiwa wajen -6, kar ya taɓa 0. In ya taɓa, sautin ya fashe, kuma fasasshe ba ya gyaruwa sai an sake naɗa. In kana jin wani gurnani a ƙasa, na wutar lantarki ne, ya fi yawa in janareta ake amfani da shi: zare cajar kwamfutar, ka sa wa rakodar sabon batir. Batir mai rauni yana jan waƙa, muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya koma kamar ganga. Kaset mai lamba 60 minti 30 ne kowane gefe, mai 90 minti 45, kuma babu hanyar gaggauta shi, zama za ka yi.

Naɗi gefe guda gaba ɗaya, ka adana shi a WAV, tsarin da ba ya matse sauti. Minti ɗaya kusan MB 10 ne, gefen minti 45 zai kama MB 450. Wannan ita ce uwa, a ajiye ta wuri biyu, kwamfuta da wani filashi daban. Daga jikinta za ka yanka waƙa ɗaya-ɗaya ka fitar a MP3. Mai rage shuuu da ke cikin Audacity a taɓa shi kaɗan, in aka matsa masa yakan tafi da amon kalangu tare da ƙarar, muryar 'yan amshi ta koma kamar ta ƙarfe. Ɗan shuuu ɗin kaset bai hana kowa jin waƙa ba.

Duk abin da ke rubuce a jikin kaset ɗin da takardarsa, kwafe shi cikin rubutun ciki, ka kuma ɗauki hotonsa. Tambayi mai shi inda aka naɗa da shekarar, in ya tuna, ka rubuta yadda ya faɗa. Sannan ka mayar masa da kaset ɗinsa a cikin gidansa na roba, a jera su a tsaye cikin inuwa, nesa da bayan sifika, don maganaɗisun da ke ciki yana goge abin da ke kan zare.